Kundin Aikin Lambatun Unguwarmu, Daminar 2025

Asabar, 12 ga Afrilu

Bayan sallar isha'i muka zauna a zauren mai unguwa, mu goma sha bakwai. Babu wuta, zafin bazara ya kai intaha, kowa na fifita da abin da ya samu. Aka ce ni zan riƙe littafi tunda ni ne malamin makaranta a cikin taron. Na karɓa, da niyyar in rubuta abu yadda ya faru, da daɗinsa da ɗacinsa, don na baya su samu abin dubawa.

Unguwarmu tana cikin birnin Kano, kuma a gangare take. Duk ruwan da ya sauko daga unguwanni biyu da ke samanmu, ta ƙofar gidajenmu yake bi kafin ya nufi rafin Jakara. Bara a watan Agusta sau uku yana shiga gidajen layin ƙasa. Katanga biyu ta zube, masai ya cika ya haɗu da ruwan tsakar gida, yara suka kwanta. Aka yi jaje, damina ta wuce, kuma da mun manta kamar yadda muka saba. Maiduguri ce ta hana mu. Ranar 10 ga Satumba, 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, mutane suka farka a cikin ruwa. Akwai ɗan unguwar nan da ke kasuwanci can, da kayan jikinsa kaɗai ya dawo. Shi ya fara magana yau, bai kai ƙarshe ba muryarsa ta sarƙe. Mai unguwa ya bari aka yi shiru, sannan ya ce, "To kun ji. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa."

Mu babu madatsa a kanmu. Abin da muke da shi lambatu ne da ya cika har ana takawa ta kansa ba a san rami ba ne, da kududdufi da ake ci daga gefe kullum. An tsayar da karo-karon naira 200 kowane gida duk Juma'a. Wanda ba shi da hali ya kawo ƙarfinsa ranar gayya. Liman zai sanar gobe bayan asuba.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Yau muka bi hanyar ruwa da ƙafa, daga bakin titi har kududdufi. Baba magini ne ya ja mu, dattijon da ya haura saba'in, wanda rabin sorayen layin nan da hannunsa aka ɗora su. Ni ina riƙe da kwali da biro ina zane, shi yana gaba da sandarsa. Duk gidan da muka zo sai ya tsaya, ya sa farcensa a jikin bango daidai inda yaɓe ya sauya launi ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gishiri, ya ce, "Nan ruwan bara ya tsaya." A farkon layi iya idon sawu ne. A tsakiya ya kai ƙauri. A gidan ƙarshe, na wata tsohuwa da mijinta ya daɗe da rasuwa, wadda duk unguwa ke kira Inna, alamar ta kai gwiwata.

Na ce, "Baba, da can ina ruwan nan yake zuwa?"

Ya ɗaga sanda ya nuna jerin shaguna da wasu gidajen bulo huɗu. "Nan duk kududdufi ne, Malam. A nan muka koyi iyo."

Kududdufan birni ba don ruwa aka haƙa su ba tun asali. Ƙasar gini ake ɗiba, a kwaɓa, a buga tubali, a tayar da gida. Ramin da aka bari shi ke karɓar ruwan damina, ya riƙe shi, ya bar shi ya nutse a hankali har rijiyoyin unguwa su ƙoshi. Da gari ya cika, fili ya yi tsada, sai aka riƙa cike su da shara, a daddanne, a yanka a sayar. Duk wanda ya san Kano shekara talatin baya zai iya lissafa waɗanda suka ɓace a idonsa. Namu, a ƙiyasin Baba, saura kashi ɗaya cikin uku. Sannan kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti, ya rufa kwano, ya sako indararo waje. Ruwan da ƙasa ke sha a da, yanzu lungu yake fitowa gaba ɗaya a lokaci guda.

Da na koma gida na shimfiɗa taswirar a tabarma. Maiɗakina ta daɗe tana dubawa, sai ta ce, "Malam, ai wannan taswirar waje ce. Ruwa kuwa a cikin gida yake cin mutane." Gaskiya ta faɗa, mu maza iyakarmu zaure. Ita da Hajiya mai koyar da matan aure a Islamiyya sun ɗauki nauyin shiga gida-gida.

Asabar, 26 ga Afrilu

Gayya ta farko. Mun zaɓi yau ne saboda Asabar ce ta ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, da safe babu zirga-zirgar ababen hawa, masu shaguna ma ba su da uzuri. Shebur tara, manjagara huɗu, baro uku na aro. Mata suka aiko da koko da ƙosai tun kafin bakwai.

Na zaci ƙasa da yashi za mu tarar. Akwai su, amma abin da ya riƙe su shi ne leda. Ledar fiya wata da baƙar ledar cefane sun haɗu da laka sun zama kamar tabarma, shimfiɗa kan shimfiɗa, shebur ba ya huda su sai an sa diga. A wani wuri sai da matasa biyu suka kama gefe ɗaya suka ja, abu ya taso a dunƙule kamar fatar sa, ga wari da ya sa dattawa komawa baya. A ƙarƙashi muka ga asalin simintin lambatun, wanda samarin da ke haƙar ba su taɓa gani ba tun haihuwarsu. Zurfinsa ya kai ƙugu. Wato ramin da aka gina don ya ɗauki ruwa iya ƙugu, tafin hannu ɗaya kawai ya rage masa.

Zuwa azahar mun yashe daga titi zuwa masallaci, rabin layi ke nan. Mun tara abin da muka fitar a gefe, tunda an yi mana alkawarin mota.

Asabar, 10 ga Mayu

Mako biyu, tsibin shara na nan inda muka bar shi. Sau uku ana zuwa ofishin da ya yi alkawari, kullum a dawo gobe. Shara ta bushe, iska ta fara mayar da ledar cikin ramin da muka fitar da ita, masu gidajen da ke kusa sun fara ƙorafi, kuma suna da gaskiya. Laifinmu ne da muka fara haƙa ba mu tabbatar da inda za a kai ba.

Da kuɗin karo-karo muka ɗauki tifa, sawu uku. Kafin ta zo, 'yan bola jari suka tsince robobi da ƙarafa, hakan ya rage mana kusan sawu guda. Mun yi da biyu daga cikinsu za su riƙa zagayowa da kura duk Litinin da Alhamis, kowane gida ya ba su abin da aka yanke, su kai bola. Sai da na ga wannan na gane cewa yawancin masu zuba shara a lambatu ba mugunta ce ke sa su ba. Bola ta yi nisa, yaro ake aika, yaro kuwa ramin da ya fara gani nan zai juye.

An gama sauran rabin layin yau.

Asabar, 31 ga Mayu

Jikin kowa a sanyaye yake. Shekaranjiya Alhamis, 29 ga wata, ruwa ya afka wa garin Mokwa a jihar Neja kafin gari ya waye, ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. Zuwa yau an tabbatar da rasuwar mutum sama da 150, ana ta neman wasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin: mutane na barci.

A zaman daren nan ɗan yayata, wanda ke karatun labarin ƙasa a Jami'ar Bayero, ya yi mana bayani, kuma ina so in ajiye shi nan don ya warware gardamar da ake yi. Wasu dattawa na cewa ai ruwa ba sabon abu ba ne, sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga shekarar 1988 da madatsar Bagauda ta fashe. Yaron bai musa musu ba. Ya ce abin da ya sauya shi ne yadda ruwan ke zuwa. Iska in ta yi zafi tana ɗaukar danshi fiye da da, duk ƙarin maki ɗaya a ma'aunin zafi tana ƙara kusan kashi 7 cikin 100. Saboda haka hadari in ya haɗu, ya fi nauyi. Masu bincike da suka duba hotunan tauraron ɗan'adam sun ga yawan aukuwar manyan hadarurrukan yankin Sahel ya ninka sau uku daga 1982. Ruwan da zai zuba cikin mako, sai ya zuba cikin awa biyu.

Sannan ya yi mana lissafin da ya sa zauren ya yi tsit. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Gidan da rufinsa da tsakar gidansa suka kai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50, ya sako lita 5,000 waje. Jarkar 'yan garuwa 200 ke nan, daga gida ɗaya, a dare ɗaya. Baba magini ya ce, "Ƙirga gidajen layin nan ka ji." Ba wanda ya ƙirga.

Matan sun kawo nasu rahoton, kuma ya fi taswirata amfani. Gida goma sha ɗaya ne tsakar gidansu ta fi lungu zurfi. A cikinsu akwai tsofaffi huɗu da ba sa iya fita da ƙafarsu, da mai jego ɗaya, da wani bawan Allah da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Akwai gidaje uku da masai da rijiya ba su fi taku biyar tsakani ba. An raba wa kowane tsoho matasa biyu da suka san ɗakinsa. In hasashen hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, ya nuna ruwa mai ƙarfi, za a sa a zauren WhatsApp na unguwa, ladan kuma ya faɗa a lasifika bayan magariba, don ba kowa ke da babbar waya ba. In abu ya ɓaci cikin dare, ajin Islamiyya na sama a buɗe yake, makulli na hannun ladan.

Na kafa gwangwani mai miƙaƙƙen baki a kan soronmu, da rula, don auna ruwa.

Lahadi, 8 ga Yuni

Sallar layya ta kama Juma'a, 6 ga wata. An roƙi mutane kada a zuba tumbi da jini a lambatu, a haƙa rami a binne. Yawanci sun ji. Gida biyu ba su ji ba, mai unguwa ya aika musu a asirce, suka kwashe.

Asabar, 5 ga Yuli

Damina ta zauna, mun dasa itatuwa arba'in da biyu. An yi muhawara kan iri. Matasa na son mangwaro, Baba ya ce mangwaro na son ruwa da kulawa, kuma ranar da ya fara 'ya'ya ranar jifa ta fara. Aka tsaya a kan darbejiya a bakin layi, don tana jure fari, ga inuwa da wuri. Tsamiya huɗu a bakin kududdufi, duk da mun san jikokinmu ne za su zauna a inuwarsu. Zogale kuma a cikin gidaje, wannan mata ne suka nema.

Maganar itace ba ta ado ba ce a wurinmu. Wanda ya kwana a ɗakin kwano a watan Afrilu, babu wuta, ga azumi ya faɗo cikin zafi a shekarun nan, ya san abin da nake nufi. A bazarar 2024 ma'aunin zafi ya haura 48 a garin Kayes na ƙasar Mali. A layinmu itace ɗaya tal ya rage, wata tsohuwar ceɗiya a ƙofar masallaci, kuma da rana duk tsofaffin unguwa a ƙarƙashinta suke.

Kowace bishiya an ɗaura mata gida. Mai gidan zai kewaye ta da bulo ko tsohon kwando saboda awaki, ɗansa ko almajirin gidansa ya ba ta ruwa.

Alhamis, 24 ga Yuli

Ban san yadda zan rubuta ta yau ba, don da farin ciki ta fara.

Jiya da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai cika awa ɗaya da rabi ba. Na tsaya a zaure ina kallon lambatu. Ya cika ya kusa baki, yana gudu da ƙara kamar kogi, amma bai hau ba. Ko gidan Inna bai shiga ba. Yara suka fito suna tsalle, mutane na yi wa juna barka a masallaci.

Yau da hantsi sai ga dattawa biyar daga unguwar da ke ƙasanmu, tare da mai unguwarsu. Aka shimfiɗa musu tabarma, aka gaisa. Babbansu ya ce wa mai unguwarmu, "Ranka ya daɗe, ba faɗa ya kawo mu ba. Mun zo ne ku zo ku gani."

Muka bi su. Ruwan da muka buɗe wa hanya ya gangara da ƙarfinsa, ya tarar da kwalbatin da ke ƙarƙashin titi tsakaninmu da su a toshe, sai ya haye titin ya faɗa layinsu na farko. Gida bakwai. A ɗaya daga ciki na ga wata mata ta baza garin masara a kan buhu a rana, ya riga ya dunƙule ya yi tsami, tana murza shi da yatsa ko za a samu na ci. Katifu a kan katanga, littattafan yara a jere a dakali, shafukan sun manne. Ta ɗago ta ce mini, "Sannu da zuwa, Malam," kamar ba ruwanmu ne ya yi mata haka ba.

A shekarun baya toshewar lambatunmu ce ke tare musu ruwa. Gidajenmu na layin ƙasa su ne madatsarsu, ba mu sani ba, su ma ba su sani ba. Mun zana taswira mun tsaya a iyakar unguwa, ruwa kuwa bai san iyakar mai unguwa ba. Wani daga cikinmu ya fara cewa ai kowa ya gyara nasa, liman ya katse shi. Ya ce haƙƙin maƙwabci bai ƙare a katanga ba, kuma wanda ya kawar da cuta daga ƙofarsa ya tura ta ƙofar wani bai kawar da komai ba. Mai unguwarmu ya ba su haƙuri a gaban kowa. An cire wani abu daga asusu an kai wa gidajen bakwai, ba don zai biya asara ba.

Asabar, 2 ga Agusta

Gayyar haɗin gwiwa a kwalbati, unguwa biyu. Mutum ya fi sittin. Sai da aka shiga da rarrafe, da igiya a ƙugu da tocila a goshi. An fito da katifa, tayar mota biyu, kututturen itace, da buhunan yashi da wani ya jera tun shekarun baya don kare shagonsa. Da aka zare katifar, ruwan da ya kwana a baya ya tafi da ƙugi, jama'a suka yi kabbara.

Akwai abin da ya ɓata mini rai, kuma dole in rubuta. Waɗanda suka shiga can ciki yawancinsu almajirai ne, ƙafa ba takalmi. Ɗaya, yaro da bai fi sha huɗu ba, fasasshiyar kwalba ta yanke shi a tafin ƙafa. Mun kai shi asibiti aka ɗinke, aka yi masa allurar rigakafin tetanus, na je da kaina na ba malaminsu haƙuri. Amma tun farko bai kamata ya shiga ba. Mun sayi shebur, mun ɗauki tifa, ba mu sayi takalmin roba ko ɗaya ba, saboda a ranmu mun san ba 'ya'yanmu ne za su shiga ba. Na faɗi haka a zaman dare, wasu ba su ji daɗi ba. An dai yanke: daga yau yaro ba ya shiga kwalbati, kuma babba ma sai da takalmi da safar hannu. An sayo takalma shida.

Maƙerin unguwarsu zai ƙera raga ta ƙarfe a bakin kwalbatin don ta tare manyan kaya. Sharaɗin raga shi ne a riƙa kwashe abin da ta tare bayan kowane ruwa, in ba haka ba ita ma toshewa ce. Mako ɗaya mu, mako ɗaya su.

Juma'a, 22 ga Agusta

Kwana uku ana marka, ƙasa ta ƙoshi, bango duk ya jiƙe. Jiya ladan ya yi sanarwa bayan magariba. Wajen ƙarfe biyu na dare ruwan ya sauko da gaske. Gwangwanina da safe ya nuna abin da bai taɓa nunawa ba tun da na kafa shi.

Lambatu ya ɗauka har ya gaji, ya hau lungu iya idon sawu, ya shiga gida uku a layin ƙasa, amma kafin asuba ya janye. Kwalbati ya yi aiki, unguwar ƙasa lafiya lau. Samarinsu biyu sun kwana a bakin raga da manjagara cikin ruwan nan suna janye leda.

Matasan da aka ɗaura wa Inna sun je tun ƙarfe ɗaya da rabi, kafin ruwan ya yi ƙarfi. Ta ƙi fita. Ta ce shekara hamsin tana ɗakin nan, ba inda za ta. Ɗayan ya durƙusa ya ce, "Inna, don Allah ki rufa mana asiri, in kika zauna mu ma nan za mu kwana." Sai ta ce a ɗauko mata carbinta da ƙullin maganinta. A baya aka goya ta zuwa Islamiyya. Wajen uku da rabi bangon bayan ɗakinta ya zauna, azara ta sauko a kan gadon.

Ba ambaliya ce ta kayar da shi ba. Baba magini ya kai ni ya nuna mini da safe: gindin bangon ya daɗe yana shan ruwan indararon maƙwabta, ya zaizaye daga ƙasa, sama kuma an shafe shi da siminti, danshi ya shiga ya rasa hanyar fita. Ya ce ginin ƙasa ba ya tsoron damina in ana yi masa yaɓe duk shekara, a da har da makuba ake shafe shi don ruwa ya zame. Yanzu masu yin hakan sun ƙare, masu gidajen kuma ba su da ƙarfin bulo. Yau shi da samari uku sun zagaya duk gidajen ƙasa, sun sa alama a bango biyar da ke buƙatar tokari kafin ruwa na gaba.

Inna na gidan Hajiya. Da na je gaishe ta ba ta yi maganar ɗakin ba, tambayata ta yi ko yaran nan sun samu sun yi barci.

Lahadi, 14 ga Satumba

Rigimar kududdufi ta taso, kuma ba ta da sauƙi kamar yadda na ɗauka.

Cikin makon nan an wayi gari an ga sawun tifa da tsibin ɓaraguzai a gefen gabas. Wani ne ke cikewa da daddare, yana cewa yana da takarda. Mai unguwa ya kai maganar gaban dagaci, mun rubuta takardar koke da sa hannun unguwa biyu, muna jira. Wannan ɓangaren a fili yake.

Mai wuyar shi ne a cikinmu ma akwai masu son a cike shi, kuma ba don kuɗi ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara da yawa a watan nan, duk da maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba 'yan ƙasa da shekara biyar a damina. Wata mata ta aiko da saƙo ta bakin Hajiya cewa ɗanta na fari a kududdufin nan ya nutse shekarun baya, kuma duk wanda ke kare shi bai binne ɗa ba. Ba ni da amsar da zan ba ta, ban kuma nemi in ba ta ba.

Ra'ayina dai bai sauya ba. Na ga yadda ya cika ya batse a daren 21 ga Agusta, na kuma san in babu shi a ɗakunan wa ruwan nan zai kwana. Amma kududdufin da aka mayar juji, ruwan kwata na kwarara ciki, ba shinge, ba wanda zai so shi a bayan gidansa. In muna so a bar shi, sai mun mai da shi abin da za a iya zama kusa da shi. An amince a kewaye gefen da yara ke bi, a hana zuba shara, a nemi shawarar masu kiwon kifi kan zuba tarwaɗa. Na roƙi Hajiya ta koma wurin matar ta gaya mata shingen daga bakin gidanta za a fara.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ruwa ya ɗauke, iska ta fara juyawa. An karanta lissafin kuɗi a gaban kowa, shigarsu da fitarsu, na manna kwafi a ƙofar masallaci. Kusan kashi biyu cikin uku na gidaje ne suka biya a kai a kai. Abin da ya rage a asusu ba zai gina ɗakin Inna ba, ga tsadar siminti, don haka Baba ya ce a yi na ƙasa, a ɗaga gindinsa da bulo layi uku, shi zai tsaya a kai kyauta in samari za su koya. Biyar sun ba da suna.

Cikin itatuwa arba'in da biyu, ashirin da tara na raye. Awaki sun ci takwas, duk waɗanda aka kewaye da kwando maimakon bulo. Biyar sun bushe. Tsamiya huɗun nan duk sun kama. Gwajinsu na gaske yana gaba, daga hunturu zuwa bazara, lokacin da jarkar ruwa ke tsada. Mata sun ce ruwan alwala da na wanke-wanke marar sabulu zai isa, an sa tsohuwar roba a gindin famfon masallaci don tarawa.

Maganar takardar kududdufi shiru har yanzu, tifa dai ba ta dawo ba. Shinge ya kai rabi.

Mai unguwar ƙasa ya kawo shawarar a gayyato unguwanni biyu na sama, tunda daga can ruwan da ledar ke tasowa. Ni da shi za mu je gaishe da masu unguwanninsu ranar Talata bayan la'asar. Na sayo sabon kwali, babba, Baba ya ce zai raka mu mu bi lambatun tun daga inda ya faro.